Kuɗi a hannu ko akuya a turke: wanne ya fi amfanar masu kiwo a karkara?

Sakataren ƙungiya, Kurna

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar iyayena da 'yan'uwana da suka san harkar kiwo, ko suka taɓa aikin rabon tallafi a karkara. Mu 'yan asalin wani ƙauye ne a kudancin jihar Kano da neman abinci ya zaunar da mu a birni, kuma muna da ƙungiyar da muke tara gudummawa duk wata domin hidimar gida. A bana an amince cewa abin da aka tara zai tafi ga gidajen da suka fi shiga matsi, waɗanda yawancinsu manoma ne masu 'yan awaki da tumaki a bayan ɗaki, sai kuma rugage biyu na Fulani da suka daɗe a gefen garin har muka zama tamkar dangi.

Matsalar ita ce kwamiti ya rabu biyu. Dattawanmu sun tsaya a kan a je kasuwa a sayo awaki a raba, domin a cewarsu kuɗi ba ya kwana a hannun mai yunwa, kuma kafin mako ya zagayo za a neme su a rasa. Matasa kuwa suna ganin a miƙa wa kowane gida kuɗinsa, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tambayata ita ce, a wuraren da aka gwada ba masu kiwo kuɗi kai tsaye, me ya faru da dabbobinsu? Sun ƙaru ne, ko kuwa kuɗin a tukunya suka ƙare? Idan kuma kuɗin za mu bayar, a dunƙule ya fi ko kashi-kashi, ga maigida ko ga uwargida, kuma a wane lokaci na shekara?

Malamin tattalin arziki, Kabuga

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Tsoron da dattawanku suke yi shi ne tsoron da aka fara da shi a kusan kowace ƙasa da aka yi irin wannan shiri, saboda haka an bincike shi sosai. Masu bincike na Bankin Duniya sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi a Afirka da Asiya da Latin Amurka domin su ga ko masu karɓar tallafi suna ƙara kashe kuɗi a kan giya da taba, ba su kuwa ga ƙaruwar ba. Kuɗin sun fi tafiya a hatsi da magani da biyan bashi da hidimar makaranta. A nan ne nake ganin lissafin dattawa ya bar wani abu a baya, domin a gidan mai kiwo buhun geron da aka saya da kuɗin tallafi yana nufin akuyar da ba a kai kasuwa ba. Wanda ba shi da albashi kuma ba shi da ajiya a banki, dabbarsa yake sayarwa duk lokacin da rumbu ya ƙare ko yaro ya kwanta ciwo.

Misali mafi kusa da tambayarka shi ne na arewacin Kenya, inda a 2009 aka fara biyan kuɗi duk bayan wata biyu ga gidaje matalauta a yankunan makiyaya na Turkana da Marsabit da Mandera da Wajir. Da aka yi mummunan fari a 2011, nazarin shirin ya nuna cewa gidajen da ke karɓar kuɗin sun fi sauran riƙe awaki da tumakinsu. Daga baya aka yi wa kusan dukkan gidajen yankin rajista aka buɗe musu asusun banki tun ana zaman lafiya, ta yadda idan hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna ciyawa ta ƙone fiye da kima, sai a faɗaɗa biyan zuwa ƙarin gidaje nan take, ba sai an jira dabbobi sun fara mutuwa ba.

Na biyu yana maƙwabtanmu. A Jamhuriyar Nijar, tsakanin 2011 da 2012, an gwada ba gidaje sefa 10,000 duk wata har tsawon wata 18 a jihohin Tawa da Tilaberi, kuma mata ne suka fi karɓa. Da masu bincike suka koma shekara ɗaya da rabi bayan an daina biya, sun tarar da cewa waɗannan gidaje sun fi maƙwabtansu dabbobi, kuma matansu sun fi shiga adashi. Wannan ya fi muhimmanci a gare ku, domin mutanen can irin namu ne a noma da kiwo da abinci.

Game da dunƙule ko kashi-kashi, gwajin da aka yi da ƙungiyar GiveDirectly a yammacin Kenya ya nuna cewa waɗanda aka ba wata-wata sun fi samun wadatar abinci, waɗanda aka ba a dunƙule kuma sun fi sayen abu mai ɗorewa kamar rufin kwano. Saboda haka amsar tana ga abin da kuke nufi. Idan burinku kada mutane su sayar da abin da suke da shi, ku raba kuɗin a watannin wahala. Idan kuwa burinku wanda ya rasa dabbobinsa ya sake kafa garke, ƙaramin kuɗi na wata-wata da wuya ya yi wannan aiki, sai an ba shi abin da zai sayi uwa mai haihuwa a tashi ɗaya.

Sai dai kada a ɗauka ko'ina aka yi nasara. Ƙasar Habasha tana da babban shirin tallafi tun 2005, amma da aka kai shi yankunan makiyaya na Afar da Somali sai aka ga cewa abin da gida ɗaya ya karɓa yakan watsu cikin dangi saboda al'adar rabawa, har ya zama bai isa ya sauya halin kowa ba, kuma wajen zaɓen masu cin gajiya an sha shigar da masu hali. Ku yi tsammanin haka a rugagen nan biyu. Ni ban ɗauki rabawa a matsayin aibi ba, domin da ita mutanen nan suke rayuwa, amma dole ku sa ta a lissafi.

Dillali a kara, Unguwa Uku

Malam ya yi bayani na ilimi, Allah ya ƙara basira. Ni kuma zan faɗi abin da ido yake gani a kasuwa, domin sana'ata ce bin kara, Wudil ranar Juma'a, Dambatta ranar Lahadi, wani lokaci har Maigatari ranar Alhamis.

Mu a kara muna gane sayarwar zaɓi da sayarwar dole tun daga irin dabbar da aka jawo. Mai zaɓi yana kawo bijimi, ko tsohuwar saniyar da ta daina haihuwa, ko ragon da ya turke ya ci dusa ya ƙoshi, kuma idan ciniki bai yi masa ba sai ya juya da abinsa. Mai dole kuwa a bazara yake zuwa, daga watan Afrilu zuwa faɗuwar ruwa, da karsana ko akuya mai ciki wadda ƙasusuwan bayanta suka fito, yana riƙe da igiya yana kallon rana, domin daga nan wajen masu hatsi zai wuce. Masu saye sun san halin da yake ciki, saboda haka tayin farko ma na wulakanci ne, kuma yakan sallama kafin la'asar. A daidai wannan lokaci dabba ta rame farashinta ya faɗi, hatsi kuma ya yi tsada, harawa da ƙowa ma sun yi tsada, saboda haka asara biyu yake yi a yini ɗaya. Kuɗin da zai shiga hannun wannan mutum a watan Maris ko Afrilu ya fi ninkinsa da za a ba shi da kaka, lokacin da rumbu yake cike kuma bukukuwa suke jiran kowa.

Dangane da sayo awaki a raba, ina roƙon dattawanku su yi haƙuri su saurare ni. Ranar da aka ji cewa ƙungiya daga birni ta shigo sayen awaki masu yawa, farashi ya tashi kenan, kuma duk mai dabbar da yake son rabuwa da ita saboda wani aibi a ranar zai fito da ita. Ga la'ada, ga kuɗin mota, ga wadda za ta mutu a hanya. Amma matar da aka ba kuɗinta, ita ta san akuyar gidan wane ce take haifar tagwaye, kuma a wajen maƙwabciyarta za ta saya ba tare da dillali ba. Ina faɗin haka ne duk da cewa la'adar tawa ce za ta ragu.

Abu na ƙarshe shi ne hanyar biya. Kowa ya tuna farkon 2023 da aka sauya fasalin naira takardar kuɗi ta yi wuya. A lokacin makiyaya sun karyar da dabbobinsu ga duk mai tsaba a hannu, domin mafi yawansu ba su da asusun banki, kuma mai POS sai ya yanki rabonsa kafin ya ba ka naka. Idan za ku tura ta waya, ku fara tabbatar da cewa akwai inda za a cire kusa da ruga, kuma ku ɗauki nauyin kuɗin cirewar. In ba haka ba, ku kai tsaba a gaban mai unguwa da arɗo da limami, a kira suna a miƙa.

Malamar makaranta, Gwale

Assalamu alaikum. Alhaji ya taɓo maganar mata, ni kuma a nan nake son in tsaya, domin mahaifiyata da 'yan'uwanta a ƙauye suke, kuma na ga yadda tallafin gwamnatin tarayya ya shiga gidajen irinsu.

Shirin da aka fara a zamanin Shugaba Muhammadu Buhari ya riƙa ba gida naira 5,000 a wata a lokacin, ana haɗa na wata biyu a biya naira 10,000, kuma galibi sunan mace ake rubutawa a matsayin mai kula da gida. Da rancen Bankin Duniya aka yi shi, da kuma dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su. Abin da na gani da idona shi ne mata sun haɗa kansu a adashi da wannan kuɗi, duk wadda ta kwasa sai ta sayi 'yar akuya ko tunkiya. Akuya wata biyar take ɗaukar ciki, kuma jar akuyar nan tamu takan haifi biyu, saboda haka cikin shekara biyu sai ka ga mace tana da abin da za ta sayar ta yi wa 'yarta kayan ɗaki ko ta kai yaro asibiti ba tare da ta ci bashi ba. A gidajen Hausawa na karkara ƙananan dabbobi yawanci na mata ne, kamar yadda nono da man shanu suke hannun matan Fulani, kuma kuɗin da ya bi ta hannunsu ya fi saurin isa bakin yara.

Amma zan faɗi inda abin ya raunana, domin darasi ne gare ku. Na farko, biyan bai zo a kan lokaci ba, a wasu lokuta sai a yi watanni shiru. Mace ba za ta iya shiga adashi da kuɗin da ba ta san ranar zuwansu ba, kuma maigida ba zai fasa sayar da tunkiya saboda alkawarin da bai tabbata ba. Na biyu, tsadar rayuwa ta cinye darajar kuɗin. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, gwamnati ta sanar da naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15, amma zuwa tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Saboda haka shawarata ita ce kada ku yanke adadi da naira tun yanzu. Ku ce kowane gida zai samu kuɗin kwano kaza na gero a farashin ranar biya, kuma ku sanar da ranakun biyan tun farko ku cika su, ko da abin kaɗan ne.

Game da wanda za a miƙa wa, ra'ayina a ba uwargida, amma a gaban mijinta da saninsa, kuma a gidan da ke da mata fiye da ɗaya a zauna a daidaita tun kafin ranar. Kada a manta da zawarawa da matan da mazajensu suka rasu, domin sau da yawa idan aka ce a rubuta magidanta su ake tsallakewa, alhali su ne akuya ɗaya take riƙe da rayuwarsu.

Jami'in lafiyar dabbobi, Hotoro

Na amince da mafi yawan abin da aka faɗa, amma ina jin tsoron kada Malam Sakatare ya tashi daga nan da tunanin cewa kuɗi kaɗai sun wadatar. Akwai abubuwan da gida ɗaya ba zai iya saya wa kansa ba ko an ba shi kuɗi.

Babba a cikinsu shi ne rigakafi. Annobar awaki da tumaki da muke kira PPR, wadda take zuwa da zazzaɓi da majina da zawo, tana iya share mafi yawan awakin unguwa cikin 'yan makonni, kuma ta fi shigowa ne ta sabuwar dabbar da aka sayo daga kasuwa aka saka cikin garke a ranar. Allurarta guda ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara uku, kuma ana yin ta a cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato. Sai dai kwalba ɗaya ta dabbobi da yawa ce, tana buƙatar sanyi, kuma da zarar an haɗa ta dole a yi amfani da ita cikin 'yan sa'o'i, saboda haka babu matar da za ta kira jami'i saboda awaki uku. Haka nan ciwon huhu na shanu, wanda rigakafinsa na shekara-shekara ne. Ku ware wani kaso daga kuɗin ku tuntuɓi sashen kula da dabbobi na ƙaramar hukumarku a sa rana ɗaya a yi wa dabbobin garin gaba ɗaya, na wanda ya samu tallafi da na wanda bai samu ba. Duk wadda ta sayi sabuwar akuya kuma ta ɗaure ta gefe guda na mako biyu zuwa uku kafin ta haɗa ta da sauran.

Na biyu shi ne abin da dabbar za ta ci. Idan dabbobin gari suka ƙaru alhali makiyaya ta zama gona kuma an toshe burtali, rikicin da kuke gudu tsakanin manomi da makiyayi shi za ku ƙara wa wuta. Da kaka harawa da karan dawa suna araha, kuma gidan da ya samu ɗan kuɗi a lokacin ya ɗaure su a kan rufi ko a bishiya ya tsira daga tsadar bazara. A nan na ɗan saba da Alhaji, domin ina ganin ƙaramin kaso da kaka yana da amfaninsa idan an faɗa wa mutane dalilinsa.

Game da Fulanin rugage, ku bi a hankali wajen rubuta suna da tambayar yawan shanu. Mutanen da kakanninsu suka biya jangali a kan kowace saniya, har zuwa lokacin da aka soke shi, abin da a Kano aka fi tunawa da gwamnatin Abubakar Rimi a kansa, ba sa sakin jiki da mai biro da takarda yana ƙirga musu dukiya. Ga kuma waɗanda suke tafiya cin rani da garke a daidai lokacin da ake rajista, shi ya sa shirye-shiryen gwamnati da ke neman lambar NIN da asusun banki suke yawan tsallake su. Kuma kada ganin shanu a ruga ya ruɗe ku. Da yawa daga cikin waɗanda kuke gani na 'yan kasuwa da ma'aikatan birni ne da aka ba su kiwo, makiyayin nono kawai yake sha da ɗan abin da ake biyansa. Arɗo da dattawan ruga sun san wanda ɓarayin shanu ko ciwo suka bari hannu wofi, kuma suna da tsohuwar al'adarsu ta ba irin wannan mutum aron karsana har ta haifa masa 'yan maruƙa sannan ya mayar da uwar. Ga wanda ya rasa komai, tallafa wa wannan hanya ya fi ba shi kuɗin wata uku, domin saniya wata tara take ɗaukar ciki, kuma karsana takan kai shekara uku zuwa huɗu kafin haihuwar fari.

Sakataren ƙungiya, Kurna

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Abin da zan kai wa kwamiti shi ne a raba gidajen gida biyu. Masu dabbobi a hannu a ba matansu kuɗi sau uku daga Maris zuwa Mayu bisa farashin gero, waɗanda suka rasa nasu kuma a ba su a dunƙule su zaɓi akuyarsu da kansu, sannan a cire kuɗin rigakafi kafin a fara rabo. Na san dattawa za su tambaya wa zai tabbatar an sayi akuyar, kuma a nan ina tunanin a bar wa shugabar adashin matan garin. Akwai wata tambaya da ta rage gare ka, Alhaji. Wasu matasan ƙauyen suna neman a ba su jarin turka domin Babbar Sallah. Shin wannan ya dace da kuɗin da aka tara domin mabuƙata?

Dillali a kara, Unguwa Uku

Malam Sakatare, turka sana'a ce mai riba ga wanda yake da abincin dabba a ajiye, amma ban ba ku shawarar ku sa kuɗin mabuƙata a cikinta ba. A shekarun nan layya tana faɗowa ne a ƙarshen bazara, ta 2024 a tsakiyar Yuni, ta 2025 a farkon Yuni, wato watanni uku zuwa huɗun da rago zai yi a turke su ne watannin da dusa da ƙowa suka fi tsada. Kuma ciniki na mako ɗaya ne. Wanda bai sayar ba kafin ranar Sallah, washegari farashi ya faɗi, sai ya zaɓi ya karyar ko ya ci gaba da ciyarwa. Idan ƙungiya tana son taimaka wa matasan, ta buɗe musu asusu dabam a matsayin rance marar ruwa, ta fara da waɗanda suka nuna harawar da suka tara da kaka, su sayi ragunan tun watan Janairu ko Fabrairu kafin su fara tashi, a kuma rubuta ranar biya mako biyu bayan Sallah.